Kafin Hayaƙi Ya Tashi: Gano Taruwar Gas a Cikin Batir



Mai girma shugaban taro, shugaban wannan makaranta da mataimakansa, malamaina da abokan aikina, jami'an kashe gobara da suka baro bakin aiki suka zo, iyayenmu shugabannin kasuwa, masu sana'ar haɗa sola da masu gyaran waya, ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.  Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama da suka ga dacewar in tsaya a gabanku, alhali a zauren nan akwai waɗanda tun ina firamare suke ɗaura waya. Allah ya saka da alheri.

Maudu'in da aka ba ni shi ne yadda ake gano taruwar gas a cikin ƙwayoyin batir, domin a tare zafin da ke kai batir ga kumbura, ko fashewa, ko kamawa da wuta.

Kafin mu shiga ciki, ku dubi abin da na zo da shi a cikin wannan gwangwani mai yashi. Waya ce na aro jiya wurin wani mai gyara. Ba ta faɗi ba, ba wanda ya taka ta. Amma ku ga yadda gilashinta ya ɗago ta gefe, har mutum zai iya zura farce. Na hango wasu suna murmushi, da alama akwai irinta a aljihun wani. To me ya ɗaga gilashin? Batirin ne ya kumbura, ko kuwa "ya yi ciki" in ji masu raha. Abin da ya cika cikin nan gas ne. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Batir ma ba ya kumbura banza.

Maganata ta yau guda ɗaya ce, zan dai rarraba ta gida bakwai: galibi batir yakan yi gargaɗi kafin ya kama da wuta, gargaɗin nan kuwa da gas yake yin sa. Wanda ya ji shi da wuri, ya kuma yi abin da ya kamata, ya tsira da ransa da dukiyarsa.

1. Me ke cikin ƙwaya, kuma daga ina gas ke fitowa?

Batirin da muke gani dunƙule guda, ƙwayoyi ne a cikinsa. Na waya yawanci ƙwaya ɗaya ce. Na kwamfutar hannu, uku zuwa shida. Motar Tesla Model S ta farko tana ɗauke da kimanin 7,000, kowace faɗinta milimita 18, tsayinta milimita 65. Shi ya sa ake kiran ta 18650, kuma ita ce dai kuke gani a cikin tocila da fawa banki.

In aka warware ƙwayar litiyam, kuma don Allah kada wani ya gwada a gida, za a ga fallaye ne aka naɗe kamar tabarma. Falle ɗaya na jan ƙarfe, an shafa masa baƙin sinadarin nan na cikin fensir. Ɗaya na alminiyam, an shafa masa sinadarin da ke ɗauke da litiyam. A tsakaninsu akwai tantanin leda wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Duk an jiƙe su da wani ruwa mai gishirin litiyam, ruwan kuwa yana cin wuta kamar dangin fetur. Ku riƙe wannan hoto: makamashi mai yawa, da ruwa mai cin wuta, da tantani ɗaya tak da ya raba faɗa.

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda aikinsu a kansa. Abin alheri ne, babu musu. Ba don shi ba, da wayar hannu ba ta zama yadda muka san ta ba.

Shi gas tun daga masana'anta yake farawa. Cajin farko da ake yi wa ƙwaya yana sa wata siririyar fata ta fito a kan fallen baƙin sinadarin, kuma wajen fitowarta akan sami gas. Masu ƙera ƙwaya mai jikin leda sukan bar wata 'yar jaka a gefe, gas ɗin ya taru a ciki, su yanke ta su jefar, su liƙe bakin. Wannan lafiya ne. Wanda ke damun mu shi ne mai zuwa daga baya: idan batir ya daɗe cikin zafi a cike, ko caja marar kyau ta ci gaba da ɗura masa wuta bayan ya ƙoshi, ko aka tatse shi ƙarƙaf aka bar shi, ko aka matse shi, ko ya zo da aibi tun daga ƙira. Wani lokaci kuma litiyam kan tsiro a kan falle kamar ƙaya, ƙayar ta yi ta tsawo har ta nufi tantanin. A duk waɗannan halaye ruwan batir yana rushewa ya koma gas, gas kuwa ba shi da wurin zuwa.

2. Yadda zafi ke ƙwacewa

Masana suna da suna ga abin da ke biyo baya, ni kuwa ina kiran sa ƙwacewar zafi, domin ya fi kama da dokin da ya ƙwace wa mahayinsa. Zafi yana tayar da haɗuwar sinadarai, haɗuwar tana haifar da ƙarin zafi, ƙarin zafin ya sake tayar da wata. Daga wani mataki, linzami ba ya aiki.

Ga yadda yake hawa a ma'aunin Salsiyas. Tsakanin digiri 80 da 120, siririyar fatar nan takan fara rushewa, gas ya fara fita. Wajen digiri 130 zuwa 165, gwargwadon irin ledar, tantanin ya narke, fallayen biyu su haɗu. Kusa da digiri 200, a irin ƙwayoyin da ke da nikel da kobal, sinadarin ɗaya fallen ya fara sakin oksijin. Kun ji abin tsoron? Wutar da muka saba da ita, in ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo sai ta mutu don ta rasa iska. Wannan kuwa da guzurin iskarta ta zo. Cikin daƙiƙu ƙwayar za ta wuce digiri 600, ta gasa ta kusa da ita, ita ma ta gasa ta gaba, kamar wuta a shingen zana.

Masu wannan fanni sukan kasa lamarin mataki huɗu: cutar da ƙwaya, sai fitar gas, sai hayaƙi, sai wuta. Na'urar jin hayaƙi da muke liƙawa a silin, a mataki na uku take farkawa. A ɗakin batir wannan ihu ne bayan hari. Mu mataki na biyu muke nema, lokacin da matsi ya buɗe bakin ƙwaya, tururin ruwanta ya fara fita, alhali ba hayaƙi ba wuta.

Me ke fitowa? Da fari tururin ruwan batir, mai wani ƙamshi-ƙamshi kamar na abin goge fentin farce. Sannan haidurojin, da kabon monoksaid, wato gubar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe iyali a ɗaki, da kabon dayoksaid, da dangin gas ɗin girki, da haidurojin fuloraid mai ƙona huhu. Haidurojin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa.

3. Darasi daga Arizona da Beijing

Bari in kai ku Amurka, garin Surprise a jihar Arizona, wuri mai zafi da rairayi kamar wasu sassan ƙasarmu. Akwai wata ma'ajiyar wuta a can mai suna McMicken, mai ƙarfin megawat 2, ɗaki ne na ƙarfe cike da jerin batura. Ranar 19 ga Afrilun 2019, wajen ƙarfe biyar na yamma, ƙwaya ɗaya ta lalace, zafin ya bi jerinta. Na'urar kashe gobara ta ɗakin ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa, ta fesa sinadarinta. Harshen wuta bai bayyana ba. Amma ƙwayoyin sun ci gaba da dahuwa ɗaya bayan ɗaya, suna zuba gas a ɗakin da ke rufe ruf.

'Yan kwana-kwana suka iso, suka tarar da wani farin tururi yana bin ƙasa. Ba su yi gaggawa ba. Sun zagaya, sun auna iskar waje, sun jira har alamu suka lafa. Bayan kimanin awa uku da fara lamarin suka buɗe ƙofa. Iska ta shiga, ɗakin ya fashe. Huɗu daga cikinsu suka ji munanan raunuka, ɗaya ma an yi jifa da shi fiye da mita 20. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ɗakin ba shi da na'urar da za ta gaya wa na waje yawan gas mai cin wuta da ke ciki, ba shi kuma da hanyar fitar da shi. Ina tambayar jami'anmu da ke zaune a nan: laifin waɗannan bayin Allah ne? Ƙwararru ne, sun bi abin da aka koya musu. Ɗakin ne bai da bakin da zai faɗa musu abin da ke cikinsa.

Wani zai ce, ai mu yanzu batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet muke sakawa, wanda ake kira LFP, shi ba ya cin wuta. Gaskiya ne ya fi haƙuri da zafi, kuma ni ma shi nake ba mutane shawara. To amma ranar 16 ga Afrilun 2021, a unguwar Fengtai ta birnin Beijing, irin wannan batir ne ya lalace a wani gini. Gas ya bi ramin wayoyi ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi wani ginin daban, ya taru, ya fashe. 'Yan kwana-kwana biyu suka rasu, da ma'aikaci ɗaya. Batirin da ba ya saurin kamawa da wuta yana fitar da gas ɗinsa ba tare da ya ƙone ba, sai ya taru yana jiran tartsatsi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

4. Me ya sa auna zafi kaɗai bai isa ba?

Na san tambayar da ke bakin ɗalibai. Ai kowane batirin litiyam na kirki yana da ƙwaƙwalwarsa, wadda masu sana'a ke kira BMS, tana auna zafi da ƙarfin wuta. Me kuma ake nema?

Ana neman abu biyu. Na ɗaya, ma'aunin zafi a bayan ƙwaya ake liƙa shi, ciwon kuwa a can tsakiyar naɗin yake farawa. Kafin zafin ya ratso ya iso fata, an yi nisa. Kuma ba kowace ƙwaya ke da nata ma'auni ba, saboda tsada. Sai ka ga ma'auni ɗaya yana gadin ƙwayoyi goma ko fiye. In mai ciwon tana can nesa da shi fa? Na biyu, ƙwayoyin da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa suna rufa wa juna asiri. In ƙarfin ɗaya ya fara faɗuwa, sauran sai su tallafe ta, ƙwaƙwalwar ta ga lissafi daidai.

Ma'aunin zafi kamar hannu ne, sai ka taɓa wurin za ka ji. Na'urar gas kamar hanci ce. Uwargida tana tsakar gida take sanin tuwo ya fara kamu a madafa. Gas yana bazuwa ya cika akwati, don haka hanci ɗaya yana iya gadin ƙwayoyi masu yawa.

A 2020 mujallar Joule ta buga wani bincike na masana daga Jami'ar Zhengzhou ta ƙasar Sin da Jami'ar Stanford ta Amurka. Sun nuna cewa ƙayar litiyam, tun tana ƙarama, tana haɗuwa da gam ɗin da ke riƙe sinadarin falle ta saki haidurojin. Da suka ɗura wa batura caji fiye da kima a cikin ɗakin gwaji, na'urar haidurojin ta yi ƙara fiye da minti goma kafin a ga hayaƙi. Minti goma! A minti goma ana kashe wuta, a tashi yara, a fitar da tsohuwa, a kira 'yan kwana-kwana.

5. Ire-iren hancin da ake da su

Neman hancin da ya fi na mutum tsohon abu ne. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe suna shiga rami da tsuntsun kanari a keji, bisa shawarar wani masani, John Scott Haldane. In kanari ya yi laushi ya faɗi, sai kowa ya fita. Sai a 1986 aka sallami kanari, na'ura ta karɓi aikinsa.

A batir, matakin farko na tsaro yana jikin ƙwayar kanta. Ƙwayar 18650 ta kirki tana da wani ɗan faifai a ƙarƙashin hularta. In matsin gas ya yi yawa, faifan ya lanƙwashe ya tsinke hanyar wuta. In matsin ya ƙaru, wani wuri da aka raunana da gangan ya tsage, gas ya fita ta sama maimakon gwangwanin ya tarwatse. Ƙwayoyin jabu sau da yawa ba su da wannan.

Na biyu, auna matsi da kumburi. Akan sa ma'aunin matsi a cikin akwatin batirin mota, ko a liƙa wani siririn ma'auni a jikin ƙwaya mai leda don ya ji tana buɗewa. Abin da gilashin wayar nan ya gaya mana da ido, shi na'ura ke faɗa da lamba. A ɗakunan bincike har zaren gilashi ake zurawa cikin ƙwaya don a ji zafi da matsi daga ciki.

Na uku, na'urorin da ke shinshina iska. Akwai mai ɗan ƙaramin dutse na sinadarin kuza da ake ɗumamawa, in gas ya taɓa shi sai yadda wuta ke bi ta cikinsa ya sauya. Wani Bajapane, Naoyoshi Taguchi, ya fito da ita a shekarun 1960 don gano yoyon gas ɗin girki. Tana da araha, tana jin tururin ruwan batir da haidurojin, amma ba ta da zaɓe. Akwai mai haska wani hasken da ido ba ya gani ta cikin iska ta auna nawa kabon dayoksaid ya shanye. Wannan tana da ƙarko. Akwai mai ruwan sinadari a ciki, wadda aka fi amfani da ita wajen kabon monoksaid, ita kuwa cikin 'yan shekaru take bushewa. A manyan ma'ajiyu akan haɗa biyu ko uku, don in ɗaya ta yi ƙarya ɗaya ta ƙaryata ta.

Inda aka sa na'ura yana da muhimmanci kamar ita kanta na'urar. Haidurojin ya fi iska sauƙi kusan sau 14, sama yake tafiya, don haka na'urarsa kusa da silin ake sa ta. Tururin ruwan batir ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kamar yadda aka gani a Arizona. Na'urarsa a jikin jerin batir ake ɗaura ta, a kan hanyar da iska ke bi. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce kada a bar gas ya wuce rubu'in adadin da zai iya kamawa. Ga haidurojin, kashi 1 cikin 100 ke nan.

6. Inda dabarar ta tsaya

Ba zan sayar muku da maganin kowace cuta ba. Idan ƙusa ta huda ƙwaya, ko mota ta yi karo, tsakanin gas da wuta daƙiƙu ne. Wayar Samsung Galaxy Note 7 da aka janye kimanin miliyan 2.5 daga kasuwa a Satumbar 2016, aibinta daga ƙira yake: a wasu kusurwar ƙwayar ce ta matse, a wasu walda ce ta bar tsini ya huda tantani. Irin wannan a masana'anta ake tare shi.

Sannan hanci yana ruɗewa. Turare, da fenti, da barasar goge hannu, da hayaƙin janareta duk suna iya sa na'ura ta yi ƙara. In ta yi ƙaryar sau uku, me maigadi zai yi? Zai zare wayarta ya kwanta. Maganin wannan shi ne a sa wata na'urar a mashigar iska. In su biyun suka ji abu tare, daga waje ya shigo. In ta ciki ce kaɗai ta ji, to batir ne. Ƙurar hunturu ma tana toshe su, don haka sai ana gwadawa ana sharewa.

Babban abin shi ne, ƙararrawa ba ta kashe wuta. Dole a ɗaura ta da aiki: ta katse caji da kanta, ta kunna fankar fitar da iska, ta nuna wa na waje abin da ke ciki. In yawan caji ne sanadi, katse shi a matakin gas yakan tsayar da lamarin gaba ɗaya. In ciwon na cikin ƙwaya ne, ita ta riga ta tafi, amma ana ceton mutane da sauran ginin. Ku dubi jirgin Boeing 787. A Janairun 2013 batirinsa ya ƙone a filin jirgin Boston, bayan kwana tara wani ya tilasta wa jirgi saukar gaggawa a Japan, aka dakatar da jiragen kusan wata uku. Cikin gyaran da aka yi har da sa batirin a akwatin ƙarfe mai bututu zuwa wajen jirgi. Wato an yarda gas zai iya zuwa, sai aka yi masa hanya. Ƙasar Sin kuwa ta fara aiki da wata doka a 2021 cewa motar lantarki ta gargaɗi fasinja aƙalla minti biyar kafin haɗari ya iso inda yake zaune.

7. Mu a nan gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, sola ta shiga gidaje da shaguna da masallatai da asibitoci. Batirin da aka auna lafiyarsa a digiri 25, mu muna ajiye shi ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40 a inuwa. Kuma har yau yawancinmu batirin dalma mai asid muke amfani da shi. Shi ma yana fitar da gas: in caji ya wuce kimanin bolt 14.4 a batir mai bolt 12, ruwansa yakan rabu ya koma haidurojin da oksijin.

Bazarar bara, bayan La'asar, wani maƙwabcina ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, zo ka ji wani wari, tun safe muke neman mataccen ɓera." Muka bi warin har ƙarƙashin bene. Ɗan sito ne ba taga, ƙofarsa kullum a kulle saboda yara, batura huɗu a jere a ciki. Da ya buɗe, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge mu. Daga bakin ƙofa ana jin batir ɗaya yana tafasa kamar tukunya. Ɗansa ya miƙa hannu zai kunna ƙwan lantarkin siton don mu gani, na riƙe hannun. Muka bar ƙofa a buɗe, muka katse sola daga waje, muka koma tsakar gida muka zauna. Daga baya muka gano kwanturola mai daidaita caji ce ta lalace, take ta ɗura wuta ba tsayawa.

Mu yi lissafin siton nan tare. Faɗi mita 2, tsawo mita 2, tsayi mita 2.5, lita 10,000 ke nan na iska. Batura huɗu, kowane ƙwaya shida, ƙwaya 24. Kowace amfiya ɗaya ta cajin da ya wuce kima tana fitar da kusan lita 0.4 na haidurojin a awa daga kowace ƙwaya. In amfiya 10 ce, kusan lita 100 ke nan a awa. Awa ɗaya, an kai kashi 1. Awa huɗu ba mafita, an kai kashi 4. A saman silin kuwa, inda ƙwan lantarkin yake, tun kafin nan. Warin ruɓaɓɓen ƙwan da ya cece mu wani gas ne daban mai guba, wanda in ya yi yawa yake kashe jin wari. Ranar Allah ne ya kiyaye. Hancin mutum ba abin dogaro ba ne.

Don haka ina roƙon masu haɗa sola: kada ku karɓi aikin da za a kulle batir a wurin da ba iska. A yi kafa a sama, a yi a ƙasa. Kada a sa batir a ɗakin kwana, ko a ƙofar da ita kaɗai ce mafita. A sa makatsar wuta a waje, inda za a kai gare ta ba sai an shiga ba. A asibiti da makaranta da kasuwa, inda batura ke da yawa kuma ake kulle su da dare, na'urar gas ta shiga cikin lissafin aiki tun farko.

Masu gyaran waya, na san wasu suna huda kumburarren batir da allura su sace iskar, su mayar da shi. Don girman Allah a daina. Wannan gas mai guba ne, allurar kuma tana iya haɗa fallayen. A daina cajinsa, a cire shi a hankali, a sa shi cikin gwangwani mai yashi a waje, a inuwa, kamar yadda na zo da wannan. Masu saye, ku yi hattara da fawa banki da batirin da aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta. Araha ba ta ado.

Ɗalibai, ga aikin kammala karatu a gabanku. Da 'yar na'urar MQ-8 mai jin haidurojin da allon Arduino za ku iya haɗa abin da zai yi ƙara, ya kunna fanka, ya katse caji. Don koyo ne, ba a rataya ran mutane a kan abin da ba a gwada ba. Amma daga nan ake farawa, kuma na'urar da za ta jure zafinmu da ƙurarmu, a nan ya kamata a ƙera ta.

Jami'an kashe gobara, ku ne kuka fi kowa kusa da haɗarin. In kun iske ɗakin batir a rufe, ba harshen wuta, sai farin tururi da baƙon wari, ku tuna ƙofar Arizona. Hukumomin kula da ingancin kaya kuma muna roƙon su sa ido kan batura da cajojin da ke shigowa, su kuma fitar da ƙa'idar ɗakin batir da harshen da mai sana'a zai fahimta.

Mai girma shugaban taro, na ci lokaci, a gafarce ni. In an manta da duk lambobin da na kawo, a riƙe wannan: batirin da ya kumbura, ko ya yi wari, ko yake huci, ya riga ya faɗi abin da ke damun sa. A katse masa wuta, a ba shi iska, a nisance shi.

 Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ga malamaina nan za su gyara. Allah ya tsare mu da gobara, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, kuma zan so mu fara da masu sana'a, domin su ne kullum hannunsu ke kan batir.